Ki Je Rijiya Kafin Ki Rubuta

Belbeji, ranar Talata.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ni da innarki da duk mutanen gida. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Damagaram lafiya, ke da kayanki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a sabuwar makarantar da aka kai ki. Ki gaishe mini da gwaggonki Baraka, ki ce mata na ba ta ajiya, kuma ajiyar tana da taurin kai, sai ta yi haƙuri.

Tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyata bakina bai taɓa kama sunanki ba, Uwata nake ce miki. To yau ina so ki saurare ni yadda uwa take sauraron ɗanta in ya zo mata da laifi. Za ki ga na sa wasiƙar nan cikin ambulan ɗaya da tsohuwar takardar da kika roƙe ni. Don Allah kada ki buɗe waccan sai kin gama wannan. Kwana uku na yi ina kewaya ki ina neman bakin da zan faɗa miki abin da ke ciki, in na buɗe baki sai in ji ina tambayarki ko kin ɗaure buhun gero da kyau. Da Hausa na rubuta, ba don Faransancina ya tsufa ba. Da Faransanci na yi abin da na yi, shi ya sa ba na son in nemi gafara da shi.

Na yi murna da karatun nan naki, kada ki yi shakka. Shekara shida kina koyarwa a garin nan ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararki, yanzu kuma ga ki za ki yi digiri na biyu a fannin koyarwa, mastar kamar yadda kuke cewa, malamanki suna wata ƙasa ke kina wata, kwamfuta ce ajinku. Na kuma san ba gudunmu kika yi ba. Ni da idona na gan ki kin hau turmin innarki a tsakar gida, kin ɗaga waya sama kamar mai duban watan azumi, kina neman rezo, wato layin sadarwa, malamin yana magana muryarsa tana tsinkewa, ga kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun safe kwamfuta ta mutu. Wannan ba karatu ba ne, wahala ce, gara Damagaram ɗin. Amma tun da kika fara ɗaure kaya hankalina ya ƙi kwanciya, abinci ma turawa kawai nake yi, don na san irin karatun nan. Na taɓa yin sa.

Za ki yi dariya ki ce a zamanin Baba ina aka ga intanet. Ba a gani ba. Amma akwai karatu ta wasiƙa, kuma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da naki: malami bai san fuskarka ba, kai ba ka san tasa ba, ba mai ganin abin da kake yi sai Allah. Lokacin ina sabon malami, aurenmu da innarki bai cika shekara ba, aka tura ni wata ƴar makaranta ta makiyaya a arewacin Tenhya, ɗaki ɗaya na laka da rumfar zana, kusa da wata rijiya mai zurfi. Ni ɗan manoma, wanda ya saba da gari da hira a bakin masallaci, sai na ji a raina an jefar da ni. Na rubuta sunana a karatun wasiƙa don in ci jarrabawar ƙarin girma in bar dajin. Darussa suna zuwa daga Yamai cikin ambulan, motar ranar kasuwa ke kawo su, in yi aikin in mayar, bayan wata guda ko fiye ya dawo da jan biro a jikinsa. Ki lura da kyau, ban shiga karatun don in iya koyarwa ba. Na shiga ne don in gudu. Ke ma ki zauna ki tambayi kanki don me kika shiga naki, kuma in amsar ba ta yi miki daɗi ba, ki gyara niyya tun yanzu da ba a yi nisa ba.

A ƙarshen kowane darasi akwai fili da aka bari, an rubuta cewa ɗalibi ya sa tambayarsa in akwai abin da bai gane ba. Shekara biyu, Uwata, ban taɓa sa ko ɗigo a filin nan ba. Ba don na gane ba. Akwai wani darasi kan yadda hankalin yaro yake girma, na karanta shi har takardar ta yi laushi ban fahimci komai ba, amma ina jin kunyar wani mutum a Yamai wanda ko a hanya muka haɗu ba zai san ni ba, wai kada ya ce ga wani baƙauye daga yankinmu na Damargu. Sai na haddace kalmomin yadda suke, na mayar masa da abinsa, shi kuma ya ba ni maki. Har na yi ritaya ina iya zuba darasin nan da ka, ban taɓa amfani da shi a kan yaro ko ɗaya ba.

Ke kuma na san halinki, jinina ne a jikinki. Na lura in ana darasi kashe abin maganarki kike yi, ki yi ta gyaɗa wa kwamfuta kai kamar ƙadangare, alhali na ga goshinki ya tattare. Ki kunna shi. Ki ce ban gane ba, a maimaita. In ƴan ajinku na manyan birane sun yi dariyar lafazinki, su yi ta yi, ba su za su tsaya gaban yaranki gobe ba. Na kuma ji ana cewa yanzu akwai injin da in ka ba shi tambaya zai rubuto maka amsa tsaf, ba kuskure ko na waƙafi. Ni ban san shi ba, ba zan zage shi ba. Abin da na sani, ni ba ni da inji na iya miƙa aikin da ban gane ba, balle ke da aka sauƙaƙa miki. Duk abin da ba za ki iya bayyana wa innarki da Hausa tana tsinke zogale ba, kada ki sa sunanki a kai ki tura.

Abu na gaba ya fi wannan muni. Karatu yana son lokaci, ni kuma ban ga inda zan samo shi ba sai wurin yara. In na shiga aji da safe sai in cika allo da rubutu tun daga sama har ƙasa, in ce su kwafa, in koma teburina in buɗe darasin Yamai. Yaran da ko riƙon alli ba su gama iyawa ba, Hausar ma wasunsu ba ta zauna a bakinsu ba balle Faransanci, suna ta zana haruffa kamar masu zanen ƙwarya. Ina karanta yadda ake koyar da yaro, ga yaro a gabana yana jira, ban ɗaga kai ba. Rana na take tsaka in sallame su, yamma kuma tawa ce ni kaɗai, ba mai taɓa ta. Innarki, amarya sabuwa da aka rabo da garinsu aka kawo daji, sai ta wuni ba wanda ya ce mata uffan. Wata rana ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, in ka gama da takardun ka ce ina gaishe su, tunda su kaɗai ke jin muryarka." Na yi dariya na ci tuwona, ban ji abin da take faɗa ba.

A Damagaram aji za a ba ki, wataƙila mai yara fiye da na nan. Ranar da aikin mastar ya matse ki, za ki ji wata murya mai daɗi tana ce miki ki ba su kwafi, yau kawai. Ni ma da yau kawai na fara. In kin shiga aji ki bar wayar cikin jaka, ki rufe jakar. Lokacin yaran nan ba naki ba ne, iyayensu ne suka cire shi daga gona da kasuwa suka ba ki amana. In karatun ya ƙi ƙarewa a shekara biyu ya ƙare a uku, ba wanda zai mutu. Kuma ki riƙa fitowa tsakar gida kina sa hannu a kwano ɗaya da gwaggonki, kada ki mayar mata da gida masaukin baƙi.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni sakat. Kin ga yadda na yi ta zagaye kafin in iso.

Ke a gari kika tashi, famfo kika sani, bari in gaya miki yadda ake shayar da bisashe a rijiyar can. Zurfinta ya wuce a ja da hannu. Igiya ake ɗaura wa raƙumi ko bijimi, ta bi ta kan wani ice da aka gicciye a bakin rijiyar. Babba ya tsaya a baki yana jiran wasaki, wato babban gugan fata, in ya iso ya juye a komi, inda bisashe ke sha. Amma dabbar ba ta tafiya da kanta. Sai wani ya ja ta ya yi nisa da ita har gugan ya fito, a ƙwala masa kira, ya juyo da ita, a sake. Wannan aikin yara ne, don manya suna bakin rijiya da kan komi suna raba garke kada bisashe su tattake juna. Kowane gida da layinsa, in layinka ya wuce ka kuwa, shanunka sai gobe. Da damina da farkon sanyi ba ruwan kowa da rijiya, tabkuna cike suke, ajina ma cike. Da tabkuna suka ƙafe sai aji ya fara ƙafewa tare da su. Ƙarfe takwas in kaɗa ƙararrawa, in juyo in ga yara bakwai ko takwas.

Akwai wata yarinya Dado, ƴar Arɗo Juli, shugaban makiyayan wurin. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban sake samun kai irin nata ba. Abin da na cika allo da shi don in samu sarari, ita sai ta kwafe shi tas, ta zo ta tsaya gaban tebur ta ce, "Mushe, wannan mene ne sunansa?" Haka suke ce wa malamin boko, Mushe, makaranta kuma lakwal, aron Faransanci. Da rani ya kama takan iso wajen ƙarfe sha ɗaya tana haki, ƙafafu duk caɓi, tafin hannunta ya yi ja saboda akala. Ni kuma in sa ta durƙusa a bakin ƙofa don ta makara. Ban taɓa tambayarta daga ina take ba. Na sani ai, kukan icen rijiyar har cikin aji ake jin sa.

Wata rana bayan la'asar Arɗo Juli ya zo da kansa, ya tuɓe takalmi a bakin rumfa, ya zauna, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya ce, "Mushe, an ce kana fushi da mu. Mu ba ƙin lakwal muke ba. Saniya ce ba ta san ƙarfe takwas ba. Ka bar mana safiya, mu bar maka yamma. In an yi azahar yaran duka naka ne, har waɗanda ba ka rubuta ba zan kawo maka."

Na ce, "Arɗo, lokacin lakwal daga Yamai aka tsara shi. Ba ni da ikon taɓawa."

Ya ce, "To ka rubuta wa manyanka mana, kai da ka iya rubutu."

Na ce zan duba. Ya dubi takardun da na baza a tabarma, sannan ya ce, "Ran Lahadi ba ka da lakwal. Ka zo rijiya ka gani da idonka, ko sau ɗaya. In ka gani, duk abin da ka rubuta mun yarda."

Na ce, "In sha Allahu zan zo."

Ban je ba. Ban kuma rubuta wa kowa ba. Maganar Yamai da na yi masa ma fakewa ce. Da safe dole in buɗe aji saboda doka da ƴan yaran da ke zuwa, amma yamma ba ta kowa ba ce, da na ga dama da na zaunar da su a rumfa ba tare da na nemi izinin kowa ba. Yammar nake ƙyashi. Ita ce lokacin karatuna, in na ba yara ita wunin duka ya tafi, yaushe zan bar daji? Innarki kuwa kullum tana rijiyar, can take ɗebo mana ruwa. Ta ce mini, "Malam, yaran nan fa ba wasa suke ba. Ƴar Arɗo ina ganinta, tana jan raƙumi, in an tsaya juye guga sai ta duƙa tana rubutu a ƙasa da tsinke." Na ce mata, "Ke me kika sani a sha'anin lakwal?" Ba ta sake ɗaga maganar ba.

Sai aikin ƙarshe ya zo daga Yamai, wanda a kansa za a yanke ci ko faɗuwa: kowa ya rubuta dogon bayani kan wata matsala ta makarantarsa. Na zaɓi dalilin da ya sa ƴaƴan makiyaya suke barin karatu. Na zauna a rumfa, rijiya tana bayana, tafiyar da ba ta kai shayi ya tafasa ba, na buɗe littattafan da aka aiko mini na kwashe abin da waɗansu suka faɗa kan waɗansu mutane a wata ƙasa. Na rubuta cewa iyaye ba su san darajar ilimi ba, sun fi son saniya da ɗa, suna ɓoye ƴaƴa mata, kuma duk ƙoƙarin malami a banza yake tafiya. Kalmar rijiya ba ta fito ko sau ɗaya ba, ki duba ki gani. Faransancin kuwa ya yi kyau, wannan ban musa ba. Takarda ta dawo da maki mafi yawa da na taɓa samu, ga yabo da jan biro a gefe. Daɗi ya kwashe ni, na sake kwafe ta da hannu na kai wa anspekta, mai duba makarantunmu.

Da shekara ta juyo aka rufe makarantar. Ba zan ce takardata kaɗai ta rufe ta ba, yara sun ragu, kowa ya gani. Amma a taron malamai a Tanout na ji anspekta ya karanta jimlata, kalma da kalma, ya ce ga shaidar wanda ya zauna da su. Aka juyo ana kallona, ni kuma ina ta kumbura. Mota ta je ta kwaso bencuna da allo, aka ba ni aji a Tanout, daga baya na zama darakta a nan Belbeji. Takardar kuwa na adana ta a akwati, kuna yara nakan fito da ita in nuna muku jan biron in ce ku yi koyi. Innarki tana jin mu, sai ta tashi ta shiga madafa.

Shekara biyu da suka wuce, ranar kasuwa, na je gidan likita karɓar maganin hawan jini. Ina zaune a benci sai wata Bafulatana da ta manyanta, da jikanta goye a baya, ta tsaya ta ƙura mini ido. Ta ce, "Mushe? Mushe na lakwal ɗin rijiya?" Ta durƙusa ta gaishe ni, a durƙuson na gane ta. Dado ce. Ta yi ta murna kamar ta ga ɗan'uwa, tana gaya wa matan da ke wurin wai ni ne malaminta. Sannan ta kwance bakin zane ta fito da takardar magani ta ce, "Mushe, duba mini. Sun gaya mini wanda za a ba yaron da safe da wanda za a ba shi in zai kwanta, na rikice, ina jin kunyar in koma." Na karɓa. Ta sa yatsa a kan wani harafi ta ce, "Wannan na san shi, shi ne farkon sunana. Sauran sun tafi."

Na karanta mata, na maimaita har ta riƙe. Na tambaye ta Arɗo, ta ce ya daɗe da rasuwa. Ta ce, "Ai yana yawan ambatonka. Da aka kwashe bencuna mutane suka ce Mushe ya yashe mu, shi kuwa ya ce a'a, mutumin nan ya ce zai zo rijiya, wani abu ne ya tsare shi." Ba da gatse ta faɗa ba, wallahi da gatse ne da ya fi mini sauƙi. Na dawo gida ban karɓi maganin nawa ba. Na gaya wa innarki, ta ce, "Allah Sarki, Dado," ta ci gaba da tankaɗenta.

To kin ga inda na dosa. Ranar da kika zo da murna kika ce kundin da za ki rubuta a ƙarshen mastar, memwar ɗinki, a kan karatun ƴaƴa mata na makiyaya ne, kuma za ki kafa hujja da takardar Baba don Baba ya zauna da su ya san su, ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kika ƙara da cewa ba sai kin wahala ba, za ki tsara tambayoyi ki tura wa daraktocin makarantu ta waya su cike su dawo miki da su, malaminki ma ya ce hakan ya yi. Malaminki bai yi laifi ba, bai san Damargu ba, abin da kika kai masa shi zai auna, kamar yadda nawa ya auna abin da na kai masa. Amma daraktocin nan, Uwata, ni ne. Wasu sun fi ni nesa ba kusa ba, wasu irina ne sak, za su cike miki daga kan tebur da abin da suka ji ana faɗa. Waɗanda suka san amsar suna bakin rijiya, inda ko turmi goma kika hau ba za ki samu rezo ba.

Abin da ke ƙara tsorata ni shi ne karatunki ya fi nawa sauri da nisa. Tawa ƙaryar a ambulan ta yi tafiya, mutum biyu suka karanta, ta taimaka aka rufe makaranta ɗaya. Taki in kin yi ta, dannawa ɗaya za ki yi ta shiga duniya, wannan ya kwafa, wancan ya kafa hujja da ke, wata rana wani mai sa hannu a ofis ya karanta ya ce ga shaidar ƴar ƙasa. Ba na cewa yau ma rijiya ce dalili. Shekaru sun shuɗe, wasu wuraren an yi famfo mai aiki da hasken rana, wataƙila yanzu wani abu ne daban wanda ni ban sani ba. Abin da nake cewa, ke ma ba ki sani ba, kuma ba za ki sani ba daga ɗakin gwaggonki.

Saboda haka ga roƙona. In an ba ku hutu cikin rani, lokacin da tabkuna suka ƙafe, ki je. Dado ta ce har yanzu a rijiyar nan suke shayarwa. Ki riƙe shayi da sukari na gaisuwa, ki sa takalmin da ba ki jin tausayinsa. Ranar farko kada ki fito da waya ko littafi, kada ki tambayi kowa komai. Ki karɓi akala ki ja raƙumin sau uku ko huɗu, ki ji nisan a ƙafarki. In sun gama yi miki dariya za su yi miki magana. Ki tambayi iyaye mata, ki tambayi yaran da kansu, in kuma suka faɗi abin da ya saɓa wa littattafanki, kada ki gyara musu baki don ya dace da littafi. In kin rubuta, ki koma ki karanta musu da Hausa kafin ki tura wa malaminki, su ce haka ne ko ba haka ba.

Ina rubuta wannan na san hanyar arewa ba kamar da ba ce, kuma ni da bakina nake tura ki. Kada ki hau motar da ba a san direbanta ba, ki bi ta ranar kasuwa cikin mutane, ki tambayi labarin hanya a Tanout kafin ki wuce, in an ce a dakata ki dakata, kada taurin kan nan naki ya motsa. Ina tsoron hanyar nan ƙwarai. Amma na auna na sake aunawa, na ga na fi tsoron ki zauna lafiya a ɗaki ki zama ni.

Takardar kuwa, na so in ƙone ta in ce miki gara ta cinye. Har na kai ta bakin murhu. Innarki ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka ba ta abinta, Malam. Ta girma." Ga ta nan. Kada ki jefar, kada kuma ki ɓoye sunana don ki rufa mini asiri. Ki sa ta a memwar ɗinki in tana da gurbi, ki ce ga abin da wani malami ya rubuta yana jin kukan rijiya bai je ba, ga kuma abin da mutanen suka faɗa da aka je.

Ban san da wane ido za ki dube ni in kin dawo hutu ba. Ke kika fi kowa yarda da ni cikin ƴaƴana, saboda ni kika ɗauki alli, kuma na san abin da na karɓe miki yau. In kin ji haushina ki ji, hakkinki ne, ba sai kin kira ni da wuri ba. Amma in kin tsayar da ranar tafiya, ki sanar da ni tun da sauran kwanaki. Gwiwata ba ta son mota, an kuma hana ni shiga rana, duk na sani. Ki biyo ta Belbeji ki ɗauke ni. Na ce wa mutum zan zo.

Allah Ya tsare ki a zaune da a tafe, Ya buɗe miki abin da ya rufe, Ya ba ki malamai masu haƙuri da rezo mai ƙarfi, Ya sa karatun nan ya amfani yaran da ba su ma san ana yin sa ba. Allah Ya jiƙan Arɗo Juli. Ya kai mu bakin rijiyar nan ni da ke, Ya dawo da mu lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Isufu